Gani Ya Kori Ji? Maɓallin Print Screen da Iyakar Shaidarsa

Ina godiya ga Edita da ya ba ni wannan fili domin in ja hankalinmu ga wani ɗan ƙaramin abu wanda kullum yana gabanmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su binciki labarinsa. Duk wanda ya dubi kibod ɗin kwamfuta, can sama wajen hannun dama, zai ga wani maɓalli da aka rubuta wa Print Screen, ko kuwa a taƙaice PrtSc. Da shi ake ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar kwamfuta, watau abin nan da yau kowa ke kira sikirinshot. Da irin wannan hoto ake nuna an biya kuɗin makaranta, da shi ake kai ƙara, da shi ake kashe ciniki a kasuwa, da shi kuma ake zubar wa mutum mutunci a rana ɗaya. Ra'ayina shi ne, abin da ya sami irin wannan ƙarfi a zamanmu bai kamata mai ilmi ya riƙa amfani da shi a makance ba. Wanda ya san yadda maɓallin ke aiki shi ne zai san abin da hotonsa ke iya tabbatarwa, ya kuma san inda shaidarsa ta ƙare.

Bari mu fara da sunan, domin sunan kansa kan rikita mutane. Ma'anarsa da Turanci ita ce a buga abin da ke kan fuskar kwamfuta a takarda, alhali kuwa yau in ka danna shi ba takardar da za ta fito. Dalili kuwa shi ne maɓallin ya girmi aikin da yake yi yanzu. Ran 12 ga Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur wadda aka sani da IBM PC, tana da kibod mai maɓalli 83, kuma PrtSc yana cikinsu, yana raba gida da alamar tauraro. A zamanin nan fuskar kwamfuta galibi rubutu ne, layi 25, kowane layi yana cin harafi 80, watau gurbi 2,000 ke nan gaba ɗaya. In mutum ya riƙe Shift ya danna PrtSc, sai wani umarni da aka dasa wa injin tun daga masana'anta, cikin abin da ake kira BIOS, ya bi fuskar layi layi, yana karanta kowane harafi yana miƙa wa firinta, ita kuma ta buga shi a takarda. Ashe a lokacin sunan ya dace da aikin sarai. Wanda ke son ya buga zane kuwa sai ya fara ɗora wani umarni mai suna GRAPHICS, wanda ya zo tare da DOS 2.0 a 1983. A 1986 ne, da kibod mai maɓalli 101 ya shigo, Print Screen ya sami mazauninsa a layin sama, inda muke ganinsa har yau.

Da Windows ya kankama a shekarun 1990, fuskar kwamfuta ta tashi daga jerin haruffa ta koma zane, mai tagogi da launuka da hotuna, sai aikin maɓallin ya sake, sunan kuwa ya zauna yadda yake. A nan ne ya kamata mu natsu mu fahimta, domin duk abin da zan faɗa nan gaba a kansa ya dogara. Abin da kake gani a fuskar kwamfuta tarin ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai, kowane ɗigo da launinsa, launin kuma haɗin ja da kore da shuɗi ne, kowanne ana auna shi da lamba daga 0 zuwa 255. Fuskar da ke da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wadda ita ce ta yawaita a kwamfutocin yau, tana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Misalinta kamar hular ɗinkin hannu ce: daga nesa ka ga zane, in ka matso da ita kusa da ido sai ka ga zare ne kawai, wannan ja, wancan fari. To, in ka danna Print Screen, kwamfuta takan kwafi launin kowane ɗigo kamar yadda yake a daidai wannan lokaci. Hoton da aka samu bai san cewa ga suna a nan ba, ko ga adadin kuɗi a can, ko ga kwanan wata. Launi kawai ya sani.

Ina kwamfutar ke kai abin da ta kwafa? A tsarin Windows da aka daɗe ana amfani da shi, takan ajiye shi a wata ma'ajiya ta wucin gadi cikin ƙwaƙwalwarta, wadda ita ce dai ke riƙe rubutu in ka kwafe shi domin ka manna a wani wuri. Shi ya sa baƙon abin kan danna maɓallin, ya ga ba abin da ya motsa, ya ɗauka ya lalace. Hoton yana nan a ɓoye, sai ka buɗe Paint ko Word, ka riƙe Ctrl ka danna V, sa'an nan zai bayyana, kana ka adana shi da sunan da ka ga dama. Amma a lura, bisa al'ada ma'ajiyar nan abu ɗaya take riƙewa. Da zarar ka kwafi wani abu, na farko ya tafi, haka nan in aka kashe injin, ko aka ɗauke wuta ba batir, ya tafi. Sai fa in ka kunna tsarin tuna baya da ake buɗewa da maɓallin Windows haɗe da V, wanda ke riƙe abu har 25.

Akwai kuma 'yan dabaru da ya kamata kowa ya haddace. Alt haɗe da Print Screen yakan ɗauki tagar da kake aiki a ciki ita kaɗai, ya bar sauran. Maɓallin Windows haɗe da Print Screen, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, yakan sa fuskar ta ɗan dushe, ya adana hoton kai tsaye a jakar Screenshots da ke cikin Pictures. Windows da Shift da S a haɗe sukan ba ka dama ka ja iyaka da kanka, ka yanki daidai wurin da kake bukata. Tun 2023 kuwa, a Windows 11, danna Print Screen shi kaɗai yakan buɗe Snipping Tool, manhajar yanka, sai dai in mai injin ya mayar da shi tsohon tsari. A ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka sau da yawa sai an haɗa da Fn. Kwamfutocin Apple ba su da wannan maɓalli sam, a wurinsu Command da Shift da 3 ke ɗaukar fuska duka, in an sa 4 a maimakon 3 kuwa sai a yanki wani sashe. Wayar hannu ma aikin ɗaya ne: a yawancin wayoyin Android, maɓallin kunnawa da na rage murya ake dannawa tare. Hanyoyin sun bambanta, amma abin da ake samu ɗaya ne, kwafin ɗigo-ɗigo.

Amfanin wannan ga ɗalibi da ma'aikaci ba ya bukatar dogon bayani. Rajistar darussa, biyan kuɗin makaranta ta Remita, duba sakamakon JAMB, cike takardun bautar ƙasa, neman aiki, duk sun koma intanet, kuma kowa ya san yadda shafi kan nuna maka an gama lafiya yau, gobe ka koma ka tarar ba labari. Mai hankali shi ne wanda, da zarar lambar biya ko saƙon tabbatarwa ya fito, zai ɗauki hotonsa ya adana, domin rigakafi ya fi magani. Haka kuma ma'aikacin da injinsa ya nuna masa wani saƙon matsala, gara ya ɗauki hoton saƙon ya aika wa mai gyara, da ya tsaya yana kame-kame a waya. A irin waɗannan wurare hoton tamkar littafin ajiyar bayani ne na mutum, yana tuna masa abin da idonsa ya gani, yana ba shi lambar da zai bi sawun hakkinsa da ita.

Matsala tana farawa ne sa'ad da aka ɗauki wannan hoto aka ɗora shi a kujerar shaida a kan wani mutum. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma sun yi gaskiya a zamanin da ido ke ganin abu da kansa. Amma wanda aka turo wa hoton fuskar kwamfutar wani bai ga abin da ya faru ba, ya ga abin da aka nuna masa ne. Tun da yake hoton ɗigo-ɗigo ne, duk mai ɗan sanin Paint yana iya share lamba ya sa wata. Kai, ba ma sai an taɓa hoton ba. A manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox, in aka danna F12 sai kayan aikin masu gina shafuka su buɗe, kuma da su mutum yana iya sake kowane rubutu da ke kan shafi a fuskar kwamfutarsa shi kaɗai, ko kan labarin jarida ne, ko sakamakon jarrabawa, ko abin da ya saura a asusun banki. Shafin na ainihi yana nan yadda yake, ba abin da ya same shi. Sa'an nan ya danna Print Screen. Maɓallin bai yi ƙarya ba, domin abin da ke kan fuskar shi ya ɗauka, sai dai fuskar ce aka riga aka yi wa kwalliya. Hoton da zai fito ba tabo, ba alamar gogewa, kuma mai kallo zai yi wa rogo kallon kitse.

'Yan kasuwarmu sun riga mu gane wannan, domin su abin ya taɓa aljihunsu. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, ciniki ya koma ta tura kuɗi a waya, tun daga mai shago har mai shayi. Nan 'yan damfara suka sami ƙofa, su karɓi kaya, su nuna hoton rasit na jabu, su yi gaba. Ba a daɗe ba masu kaya suka koyi darasi: kome kyan hoton da ka nuna, ba za su sake maka kaya ba sai sun duba asusunsu sun ga kuɗi sun shiga. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Abin mamaki, abin kunya kuma, shi ne ɗan jami'a, wanda ake koya wa bincike da tantance hujja, sai a turo masa hoton wata sanarwa ta ɗage jarrabawa ko ƙarin kuɗin makaranta, ba sa hannu, ba a san wanda ya fara sakinta ba, ya watsa ta ga ɗaruruwan mutane kafin ya gama karanta ta. Ashe mai shayi ya fi mu bin ƙa'idar ilmi ke nan?

Ko hoton da ba a taɓa shi ba ma yana iya ɓatar da mutum, saboda yanka. Hira mai layi hamsin, a ɗauki layi biyu, a bar tambayar da ta jawo amsar, a bar wasan da ake ciki, a bar neman gafarar da ya biyo baya. Kowace kalma a ciki mai ita ya faɗe ta, amma ma'anar da aka fitar ba tasa ba ce. Doka kanta ba ta yarda da hoto don ya yi kama da gaskiya kawai ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya shar'anta cewa kafin kotu ta karɓi takardar da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa injin ana amfani da shi yau da kullum kuma yana aiki daidai a lokacin, tare da bayanin yadda aka samar da takardar. A shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli a 2012 ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka bugo daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. To, in alƙalai masu shekaru a kan aiki suna tambayar asalin takarda kafin su dube ta, mu su wane ne da za mu yanke wa abokin karatu hukunci a dandalin WhatsApp cikin minti biyar?

Ɗaya gefen maganar shi ne amana. A da, in akawu yana son ya fitar da sirrin ofis, sai ya zauna gaban tafireta, ko ya saci kwafin kabon, ko ya ɓoye fayil cikin riga, kuma kafin ya gama wannan wahala wataƙila zuciyarsa ta tsawata masa. Yau yatsa ɗaya ya isa, ba a bar wa zuciya lokacin da za ta yi magana ba. Amma sauƙin aikin bai sauke nauyinsa ba. Rantsuwar riƙe sirri da ma'aikaci ke yi tana nan a wuyansa, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Takardar albashin wani, sakamakon asibitin wani, makin ɗalibi, duk amana ce a hannun wanda aiki ya kai shi kansu. Haka abin yake tsakanin abokai. Magabata sun ce magana zarar bunu ce, to ina ga maganar da aka ɗauki hotonta? Wanda ya rubuto maka damuwarsa da tsakar dare kai ya faɗa wa, bai faɗa wa 'yan ajinku ba.

Sau da yawa ma mutum kansa yake tona wa asiri bai sani ba. Print Screen ba ya zaɓe. Ka yi niyyar nuna saƙo ɗaya, sai hoton ya haɗa da sunayen sauran shafukan da ka buɗe a sama, da sanarwar da ta faɗo a gefe, da lambar asusunka. Shi ya sa Alt da Print Screen, ko yankan daidai wurin tun farko, ya fi a ɗauki fuska duka. Ko yankan da ake yi daga baya an taɓa samunsa da cikas: a watan Maris na 2023 masu bincike suka gano cewa a wayoyin Pixel na Google, da kuma Snipping Tool na Windows 11, sashen hoton da mutum ya yanke yakan maƙale cikin fayil ɗin, har a iya dawo da shi. Kamfanonin sun gyara, amma hotunan da aka riga aka aika sun tafi. A 2024 kuma, da Microsoft ya ba da sanarwar wani tsari mai suna Recall, wanda zai riƙa ɗaukar hoton fuskar kwamfuta da kansa a kai a kai domin mai ita ya iya neman abin da ya taɓa gani, masana tsaro suka yi ca, har kamfanin ya jinkirta shi, ya kuma mai da shi sai wanda ya so ya kunna. Wasu manhajojin banki sukan hana ɗaukar hoto, haka WhatsApp ya hana a saƙon da ake buɗewa sau ɗaya, amma ba abin da zai hana mutum ya ɗauko wata waya ya ɗauki hoton ta farko. Katangar da ta rage ita ce halin mutum.

Na san wani zai ce, ai wannan hoto shi ne makamin mara ƙarfi. Ɗalibar da malami ke matsa wa da saƙonnin banza, ƙaramin ma'aikacin da babba ke nema wa cin hanci kafin a sa masa hannu, me za su riƙe in ba hoton saƙon ba? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na kiran kowa ya rufa wa azzalumi asiri. Hasali ma, domin irin waɗannan bayin Allah ne ya wajaba mu tsare darajar hoton. Duk ranar da aka kama hoto na jabu guda, an ba azzalumai goma mafaka, kowannensu zai ce nasa ma haɗa shi aka yi. Saboda haka wanda aka zalunta, ga abin da zai ƙarfafa hujjarsa: ya ɗauki hirar gaba ɗayanta a jere, lambar wayar mai aikowa da kwanan wata da lokaci suna fitowa, kada ya yanke kome, kada ya yi zane a kai, kada ya share saƙon na ainihi daga wayarsa, domin shi ne uwa, hoton ɗa ne, sa'an nan ya kai ƙararsa ga kwamiti ko hukumar da ke da ikon bincike, inda za a kira ɗaya ɓangaren a ji ta bakinsa. Wanda ya watsa a dandali tukuna yakan sami 'yan kallo, amma ba kasafai yake samun hakkinsa ba.

Daga ƙarshe ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta ɗauki matakai biyu waɗanda ba sa cin kuɗi. Na farko, kowace sanarwa da za ta fitar ta kasance tana da wuri ɗaya sananne da ake liƙa ta, a allon sanarwa da shafin ƙungiya, yadda duk wanda aka turo wa hoto zai iya zuwa ya gwada shi da na asali. Na biyu, a makon karɓar sababbin ɗalibai a keɓe ko da awa ɗaya a nuna musu yadda ake ɗaukar hoton fuskar kwamfuta da yadda ake adana shi, a kuma nuna musu a gaban idonsu yadda ake sake rubutun shafi cikin minti ɗaya, domin wanda ya taɓa ganin an yi ba zai sake yarda da sauri ba. Mu kuma ɗaiɗaikunmu, kafin mu tura wa wani hoton da aka turo mana, mu tambayi kanmu abu uku: wa ya ɗauke shi, ina na asalin yake, kuma wane ne zai cutu in ya zama ƙarya. In ba mu da amsar ko ɗaya, to, ya tsaya a hannunmu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa mu zama masu riƙon amana. Haza wasalam.